Sifikar da Ba Ta Rufa Asiri

Sau uku Mai Kunne yana sauya wayoyin sifika, sau uku matar tana cewa a mayar da sautin daga farko.

Tun hantsi take zaune a kujerar tsakiya ta ɗakin gwaji, inda aka lulluɓe bango da soso aka shimfiɗa kafet mai kauri. Ba za ta wuce shekara talatin ba, ga tsohon ciki, ga jaka rungume a ƙirji. Ba ta tambayi farashi ba. Da ta shigo ma, shi ta fi kallo, ba kayan ba.

Shi kuwa ya saba da kallo. Shekara ashirin da biyar yana sayar da manyan sifikoki, tun bayan da ya bar gyaran rediyo. Abokan sana'a suna masa tsiya, wai ko sauro ya wuce zai faɗi mace ce ko namiji. A saman shagon yake kwana shi kaɗai, kuma ba ya son hirar da ta wuce ta kaya.

Ya nuna mata kamfanoni uku, kowanne da sunan da ya laƙaba masa. Dogayen baƙaƙen nan su ne Mai Lallashi, amonsu kauri gare shi, ko jaki ya yi kuka sai su sa masa zuma. Ƙananan na katako su ne Ɗan Sulhu, ba su cika ba, ba su rage ba. Fararen da ke lungu kuwa Alƙali yake ce musu, don ba sa rufa wa kowa asiri, shi ya sa ba su cika samun mai saye ba.

Masu zuwa gwaji kiɗa suke kawowa. Ita wani tsohon kaset ta sa aka juye mata a waya. Minti biyu ne kacal: shuuu na tsufan kaset, jaririya tana ƙananan koke-koke, sai wani namiji yana yi mata 'yar waƙa a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya, irin wadda ake yi a kowane gida.

Mai Kunne ya dubi cikin nata, ya dubi jan idonta, ya yanke a ransa cewa miji ne ya rasu. Sai ya sassauta murya.

A Mai Lallashi, muryar ta cika ɗakin, mai ɗumi kamar bargo. Matar ta rufe ido, hawaye ya gangaro. Ya ce a ransa ciniki ya faɗa. A Ɗan Sulhu, muryar ta ɗan ja baya, ƙarar fanka ta fito, da wani ƙwas-ƙwas da bai gama ganewa ba. Ta buɗe ido.

"Baba, sa mini a fararen."

"'Yata, da kin haƙura da su. Wanda ke son ya riƙe mutum a zuciya, baƙaƙen nan yake saya."

"An ce kunnenka ba ya ƙarya. Sa mini, ka gaya mini abin da ka ji."

Ya haɗa wayoyin ba da son ransa ba. Tun jin farko wani abu ya tokare masa ƙirji, ya ɗora laifin a kan maganin hawan jinin da ya manta bai sha ba. Ya zauna a gefenta, ya sunkuyar da kai, ya danna.

Alƙali ya baje komai a faifai. Ƙaramin ɗaki ne, in ji Mai Kunne, rufin kwano, fankar tana da lanƙwasasshen hannu ɗaya. Na'urar ɗaukar sautin a ƙasa take, wataƙila ƙarƙashin gado, da alama uwar ce ta kunna don ta ɗauki muryar 'yarta, ta fita ta manta. Mutumin bai san ana ɗauka ba.

"Yana riƙe da ita?"

Ya so ya ce e. Amma sana'a ta riga shi.

"A'a. Jaririyar tana hagu, ba ta motsa ba. Shi ne ke kai da kawowa."

"Me yake yi?"

Ya mayar baya, ya ƙara sauti kaɗan. Ga ƙarar aljihun tebur. Ga ƙarafa ana zuba su a hankali cikin wani abu mai laushi, don kada su yi ƙara. Ga zif ɗin jaka, ana jan sa kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da jaririyar ta ɗaga murya, sai waƙar ta ƙaru, amma ba ta taɓa matsowa kusa da ita ba.

"Ba lallashinta yake ba," ya ce. "So yake ta yi shiru kada a jiyo daga waje. Kaya yake haɗawa. Ji nan, ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ji sakata. Wanda zai dawo ba ya rufe ƙofa haka."

Sauran daƙiƙa ashirin ɗin kukan jaririya ne kawai, yana ƙara ƙarfi, har kaset ya yanke.

Matar ta zare wayarta. Ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta ƙi hannun da ya miƙa mata. Idonta ya bushe ƙaf. A bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo.

"Na gode, Baba. Shekara ashirin da takwas Mama tana ce mini kiran gaggawa aka yi maka, ko jaka ba ka ɗauka ba. Ashe da waƙa a bakinka ka bar ni."