Keken Cajin Malam Tanimu

Kwana tara babu wuta a Funtuwa. Akwatin da ke ajiye da muryar marigayiya Kande, matar Malam Tanimu, in cajinsa ya ƙare, muryar ta goge har abada. Shi ya sa mutumin da ko masallacin ƙofar gida sai a babur ya wuni yana taka keken da ke yi wa akwatin caji, tumbi na dukan gwiwa.

"Malam, numfashin nan naka bai yi mini ba," in ji muryar. "Sauka ka huta."

"In na sauka, kin tafi."

"Yo da ina nan ne?"

Shekara ashirin ya yi yana roƙonta ta rage surutu. Jar fitilar akwatin ta soma ƙiftawa, ya ƙara taka keken da ƙarfi.

"Ci gaba da faɗan, Kande," ya ce. "Ina jin ki."