Lauya Mai Karɓar Makullai

Tun da lauya Wiebe ya fara cin abincin rana a gidan abincin Femke, kasuwa ta juya mata baya. Duk birnin Groningen an san aikinsa: in kamfani ya karye, shi kotu ke turowa ya karɓi makullai. Ungulu kuwa ba ta sauka banza. Mai kawo kifi ya daina ba ta bashi, kuku ya gudu.

Femke ta je ta tsaya a kansa. "Yallaɓai, in rufewa ce, rufe mu huta."

"Ni? Ai na yi ritaya, 'yata. Joost mai gidan abincin tsallaken titi ne ya biya mini kuɗin cin abinci a nan na wata guda. Ya dai ce lallai in zauna bakin taga."