Maginiyar Tukwane da 'Yar Maƙwabta

'Yar nan, tunda kin ce kada kowa ya ji abin da ke damun ɗanki, zauna ki ji wannan.

A wani ƙauye an yi wata maginiyar tukwane mai ciwon suga tun tana budurwa. Ban da mijinta babu wanda ya sani. Maganin allurarta a cikin 'yar tukunya mai jiƙaƙƙen yashi take ajiye shi, a bayan randa, don kada zafi ya lalata shi. Ana nan sai 'yar maƙwabcinta manomi, mai shekara takwas, ta kamu da irin ciwon. Ta rame, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Iyayen ƙawayenta suka hana su zuwa, wai ana ɗauka. Kullum da safe maginiya tana jin ihunta ta bayan danga, uwa ta danne, uba ya soka allura. Wata rana ma tausayi ya hana su yi mata. Maginiya ta san komai, amma tsoron bakin mutane ya sa ta ci gaba da dukan yumɓunta. Haka har shekara guda. Ran nan yarinya ta faɗi a bakin rijiya, aka kwashe ta sai asibiti. Ta yi sati uku, ta dawo kamar sillen kara, ko magana ta daina.

Washegari maginiya ta shiga gidan, ta zauna a gefen tabarmar yarinyar. Ta ɗaga riga, ta nuna mata tabon allura birjik a cikinta, ta yi wa kanta allura a gabanta, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Shekarata talatin ina yi, ga ni da 'ya'ya uku. Ki yafe mini da ban zo da wuri ba." Yarinya ta miƙa hannu ta karɓi tata allurar. Daga ranar tare suke yi kafin karin kumallo. Da labari ya bazu, mata suka ga maginiyar da suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya da ita ba ta shafa wa kowa ba, sai suka saki 'ya'yansu. Har wata ƙawa ta koyi ƙulle dabino a bakin zani don ta ba yarinyar ranar da suga ya yi mata ƙasa jikinta ya kama rawa. Shekara huɗu suka samu. A ta biyar ƙodar maginiya ta gaza, ta rasu da damina. A zaman makoki aka ga yarinyar ta fi 'ya'yan cikin marigayiyar kuka. Uwar yarinyar kuwa ta ce wa masu gaisuwa, "Danga ɗaya ce tsakaninmu, muka shekara kowa na haɗiye nasa."

To, 'yar nan, tashi ki nemi wanda ya san zafin abin, ki kai masa yaron. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.