Baba a Kan Gadar Sagiru

Tun da aka kafa dokar, ba a yaye ɗalibin injiniya sai ya ɗora hoton wani nasa a kan gadar da ya zana a kwamfuta, a sako mata ambaliya kowa na kallo. Mutum ɗaya kuma ba ya hawa gada biyu.

Turai da ƙanenta Sagiru ajinsu ɗaya, Baba kuwa ya ba Sagiru hotonsa.

"Baba, ni ce fa babba," ta ce masa da safe.

"Taki ma za ta tsaya, Turai. Ki ɗauki Kawu Ilu."

Gadarta ta tsaya da Kawu Ilu a kai, aka tafa mata sama-sama. Sai aka kunna ta Sagiru. Ga hoton Baba nan a bangon zauren taron, hula a karkace, har da ɗingishinsa, yana takawa ruwa na dukan ginshiƙai. Baban gaske yana zaune gefen Turai yana murmushi.

Ginshiƙin tsakiya ya girgiza. Turai ta ji sanyi a ranta, har ta gyara zama. Sai da ginshiƙin ya daidaita ta gane abin da take roƙo.