Kifin Kakanku

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji, Kaka.

"Ɗauki hoton mana, tsohuwa, hannuna zai karye," in ji kakanku, yana tsaye cikin kwalekwale rungume da wani ƙaton kifi da ake kira maski.

Hunturu guda ya kwashe yana shirya tafiyar nan zuwa tafkin arewa, don ya rufe bakin ƙanensa mai cewa ƙananan kifayen da ake kira bas kaɗai ya iya kamawa. Maski kuwa hoto ake yi masa a sake shi.

Na ɗauka da wayata. Ya saki kifin, ya karɓi wayar, ya duba hoton.

"Ina kifin?"

"Tun ranar aurenmu ban ga haƙoranka a waje ba, tsoho. Su na ɗauka."

Kifi yana tafkinsa, ƙanen yana dariyarsa, hoton yana bangon ɗakina.