Wayar Malamin Lissafi

Ana tsakiyar taron malamai a wata makaranta a Mai'adua, jaririyar da malamar Hausa ta ɓoye ƙarƙashin tebur ta callara kuka. Mai rainon ta tafi biki garin Babban Mutum, ga sabon shugaban makaranta an ce ba ya son ganin goyo wurin aiki.

Malamin lissafi ya yi wuf ya dafe aljihunsa. "A gafarce ni, ranka ya daɗe, ƙarar wayata ce."

Shugaban ya zare tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, wayar nan taka yunwa take ji. Miƙa wa uwarta ta sa mata caji a ofishina, akwai fanka. Ma jira ta."