Bulon Gindin Get

Wata huɗu ke nan maiɗinki tana gadin bulo.

Tun da suka tare a sabon gidan, kafin ta ɗora ruwan zafi da safe sai ta leƙa tsakar gida ta ga ko bulon yana nan a gindin get. Ƙofar ƙarfe ce mai tayoyi, wadda ake turawa gefe a kan layi. Ƙarti huɗu suka ɗaga ta ranar da aka kafa ta. Maiwalda ya yi aiki mai kyau, har da furanni a sama. Abu ɗaya ya rage: guntun ƙarfen da ake liƙawa a ƙarshen layin, ya tare ƙofar kada ta zarce. An ɗauke wuta kafin ya kai nan, sai ya jawo bulo ya tokare wurin.

"Uwargida, wannan zai riƙe zuwa gobe," in ji shi. "Dubi yadda take tafiya sumul. Ko yarinyar nan da yatsa ɗaya za ta tura ta."

Yana nufin 'yarta mai shekara biyar, wadda kakarta ke kira Zomanya, domin ba ta iya tafiya ba sai tsalle.

Goben ba ta zo ba.

"Baban Zomanya, ka kira mutumin nan kuwa?" ta tambayi mijinta, direban motar haya, yana ɗaura takalmi.

"Na kira. Injinsa na wajen gyara."

"Makon jiya ma haka ya ce."

"A'a, makon jiya wuta ce babu. Ke dai ki bar bulon nan ya ci albashinsa, ai ya fi maiwalda zuwa aiki."

Bai samu dariyar da yake nema ba.

Wata rana ta goya jaririnta ta taka har shagon maiwalda. Ta same shi durƙushe a kan wata taga, tartsatsi na tashi, ƙasa cike da guntayen ƙarfe. Ya ɗaga baƙin gilashinsa.

"Uwargida, da kanki? Aikin minti goma ne fa. Ba zan ɗauki inji in ƙetare gari saboda minti goma ba. Bari in samu aiki a layinku in haɗa."

Ta sunkuya ta ɗauki wani guntu da bai wuce tafin hannu ba. "Irin wannan ne?"

"Shi ne ma. Tafi da shi, kyauta na ba ki."

Ta kawo shi ta ajiye a bakin tagar ɗakin ɗinkinta. Kullum tana taka keken ɗinki tana kallonsa. Ga ɗinkin mutane, ga wanki, ga jariri mai haƙori. Mutum yakan gaji da maimaita magana ɗaya, musamman idan an fara ce masa mai mita. A hankali ta daina yi wa kowa zancen. Ta koma duba bulo kawai, da jan kunnen yarinya.

Ran nan ta duba da safe, yana nan. Bayan ta shiga ɗaki, maigidan ya tarar tayar motarsa ta sace a waje. Ya ɗauki bulon ya tokare motar, ya canja taya, ya ja ƙofar ya rufe, ya tafi. Bulon ya zauna a bakin titi.

Da azahar ya dawo cin abinci, ya danna oda. Ƙarar keke ta hana uwar ji. Zomanya kuwa ta ji.

"Ni zan buɗe wa Baba."

Ta tura. Ƙofar ta tafi sumul, kamar yadda maiwalda ya faɗa. Ta kai ƙarshen layi, ba abin da ya tare ta. Ta zarce, ta ɗan tsaya a tsaye, sannan ta kifo ciki, a kan yarinyar. Uban yana kallo ta gilashin mota.

Shi kaɗai bai iya ɗaga ta ba. Sai da maƙwabta uku suka kama.

Yarinyar ta rayu. Ƙugu ya karye, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Mako bakwai uwar ta yi a kujerar asibiti, jariri a cinya, ɗinkin mutane na can yana ƙura. Likita ya ce za ta yi tafiya da sanda. Da uban ya tambayi gudu fa, sai likitan ya ci gaba da rubutu.

Washegarin da aka sallame su, sai ga maiwalda da injinsa a bayan babur, ba wanda ya kira shi. Ya tara mutane aka mayar da ƙofar kan layi. Maiɗinki ta ɗora ruwan wankan yarinya a wuta, ta ɗauko guntun nan daga bakin taga ta miƙa masa.

Ya liƙa, ya buga da guduma, ya tura ƙofar da ƙarfi. Ta tsaya cak.

"Uwargida, ban san da wane baki zan..."

"Ka gama?"

"Na gama."

Ta koma madafa. Ruwan bai ko tafasa ba.

Kakar ma yanzu da sunan yanka take kiran jikarta. Ba wanda ya ce a daina faɗin ɗayan, bakin kowa ne ya yi nauyi.

Iyaye 'yan'uwana, aikin ƙarfen da ya rage kaɗan bai ƙare ba, kuma gidan da ke da yara ba a tokare masa haɗari da bulo. Idan mai aiki ya ce gobe, a ɗaure ƙofar da sarƙa, ko a kira wani yau. Gara a ce da ke mai mita. Ku kuma masu walda, ƙaramin guntun da kuke rainawa shi ne ke tsakanin ƙarfenku da 'ya'yanmu.